Ranar da Adda Hamsatu Ta Zare Fulogi

Jama'ar Bauchi, daga Tirwun har Gwallameji, a gyara zama. Yau zan gabatar muku da babbar jami'ar binciken rumbun bayanai ta Ƙofar Wambai da kewaye, wadda masana a ƙasashe bakwai ke jiran ta yi gyaran murya kafin su saki aikinsu. Ita ce Adda Hamsatu mai buga takardu, wadda ofishinta bai kai faɗin Keke Napep biyu ba, kuma injin fotokwafi ya cinye rabinsa.

Shekararta arba'in da bakwai. Iyayenta masu shanu ne da suka zauna a gari, ita kuwa tafireta ta koya, daga baya ta koma kwamfuta. Shekara ashirin da biyu tana buga wa mutane takardar haya da furojet ɗin ɗalibai da katin biki. Tana da hali guda mai ban haushi: ba ta buga abin da ba ta karanta ba. Ka kawo mata takardar sayen fili, sai ta ɗago kai ta ce maka maƙwabcinka na gabas a shafi na ɗaya ba shi ne na shafi na uku ba.

Wannan halin ne ya jefa ta cikin harkar. Shekara huɗu da suka wuce wata malamar kwamfuta mai suna Lilian ta kawo mata shafi sittin na bayanin wata manhaja don ta fitar mata a takarda. Da ta dawo karɓa, Adda ta ce, "Malama, mataki na tara ya ce a goge wani abu, na sha biyu kuma ya ce a buɗe shi. Wanne za a bi?" Lilian ta duba, ta sake dubawa, sai ta nemi kujera ta zauna.

Ga yadda abin yake, a taƙaice. Kuɗin kirifto ba su da banki. Kundin da ke nuna wa ya tura wa wa, kwamfutoci dubbai ne a duniya ke riƙe da shi, kowace da cikakken kwafinta. Manhajar da ke kula da kundin ta kowa ce, 'yan sa-kai ke rubuta ta, kuma kafin a saki kowane gyara sai an sami masu gwadawa. Lilian ta koya wa Adda gwajin, da za ta koma Jos kuma ta bar mata kwamfuta da sabon faifan ajiya. Adda ba ta taɓa mallakar kirifto ba, ba ta sha'awarsa ma, kuma ba wanda ke biyanta. Ranar da na ji haka sai da na riƙe ƙofa. Ita dai a ba ta abu ta nemo inda aka yi kuskure.

A bana masu manhajar suka fito da gyaran da zai sake jera bayanan rumbun da kundin ke ciki don su rage cin wuri. Juyewar tana ɗaukar awa biyar, kuma sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa in aka katse ta a tsakiya, za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ranar Litinin Adda ta ɗora gwajin a kan tsohon faifanta. Awa uku da farawa aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da mutuwa. Da wuta ta dawo ta kunna, sai manhajar ta ce rumbun ya lalace, ba ta gane komai a ciki ba.

Ta rubuta rahoto ta tura. Washegari ɗaya daga cikin manyan masu manhajar ya amsa cikin ladabi. Ya ce sun kashe manhajar a tsakiyar aiki sau ɗari biyu, duk ta ci gaba lafiya, saboda haka faifanta ne ya tsufa. Ta dai ajiye lalataccen kada ta taɓa, wani zai duba daga baya. Sakin gyaran yana nan ranar Alhamis.

Adda ta karanta sau uku. A shekara huɗu ba ta taɓa tura rahoton da aka ƙaryata ba, yau kuma an ce mata kayanta ne ba su da kyau, a gaban kowa. Ta kuma san abin da ba su gwada ba. Sau nawa ɗalibi ya ga kwamfuta ta ce an ajiye, ya zare filashinsa da gaggawa, ya je wurin malami ya tarar da takarda ba komai? Kwamfuta takan ce to, amma ta riƙe abin a ka, sai ta sami sarari ta rubuta. In manhaja ka kashe, kwamfutar tana raye, za ta ƙarasa rubutawa. In wuta ce ta tafi, abin da ke ka ya tafi da ita. Su can wutarsu ba ta tafiya.

Hujja ɗaya ce za su karɓa: a maimaita a kan sabon faifai. Sabon faifan kuwa shi ke ɗauke da kwafin kundin mai kyau na ƙarshe da take da shi, wanda ta yi kwana ashirin da shida tana saukowa daga intanet, tana tattalin data kamar mai tatsar saniya a rani. Ba ta da faifai na uku da za ta juye shi.

Da safiyar Laraba ta leƙa shagon Lucky mai aski, maƙwabcinta, ta ce ya ja mata waya daga janaretansa.

"Adda, ai akwai wuta yanzu," in ji Lucky.

"Na sani. Ba na son su ɗauke."

"To madalla, kina son aikin ya ƙare lafiya."

"A'a. Ni nake son in ɗauke da hannuna."

Lucky ya tsaya da injin aski a hannu, kan wani bawan Allah rabi a aske. "Ki ƙona mai, don ki sami wutar da za ki kashe? Adda, kin karya kuwa yau?"

"Ja mini wayar, Lucky."

Ta ɗora juyewar ƙarfe tara. Wajen sha biyu saura ta kira Lilian ta gaya mata, ta sa wayar a sifika don hannunta ya sami sarari.

"Adda, don Allah kada ki yi!" muryar Lilian ta cika shagon. "In ke ce da gaskiya, kundin ya tafi fa. Kwana ashirin da shida!"

"In ban yi ba, gobe su sake shi. Duk wanda wuta ta ɗauke masa, nasa ya tafi, a ce masa faifansa ne."

"Bari in tura miki wani faifan a mota, jibi ya iso."

"Jibi Juma'a, Malama."

Adda ta kashe kiran, ta jingina wayar a jikin kwalin takarda ta kunna bidiyo, yadda allon da bangon za su fito tare. Ta nuna kwalin sabon faifan da ranar da aka saye shi. Lucky ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, mai rabin askin yana bayansa da ƙyalle a wuya. Ta yi bisimilla, ta sunkuya, ta zare fulogin.

Fankar kwamfutar ta yi shiru. "Innalillahi," in ji mai rabin aski, wanda bai san ma me ake yi ba.

Ta ƙirga ashirin a bayyane ta mayar. Allon ya haska, rubutu ya gudu, ya tsaya. Saƙon nan ne dai na ranar Litinin, kalma da kalma. Adda ta kalle shi ta daɗe. Lucky ya tambaya a hankali ko an ci ne ko an faɗi, ta ce masa ya je ya ƙarasa wa mutum askinsa.

Ta tura bidiyon da bayanan da kwamfutar ta rubuta kafin ta mutu. Har azahar ba amsa. Ta buga katin suna guda biyu da takardar neman aiki. Bayan la'asar wani mai gwaji a wata ƙasa ya rubuta cewa ya zare nasa fulogin, a karo na farko rumbun ya tsira, a na biyu ya lalace. Can sai ga babban nan da kansa. Ya ce an manta umarnin da ke tilasta wa kwamfuta ta tabbatar ta rubuta kafin a goge tsohon bayani, an ɗage sakin gyaran, kuma ya nemi afuwarta a kan maganar faifai.

Da Lucky ya ba ni labari na ruga shagon. Na same ta tana cire takardar da ta maƙale a injin fotokwafi, a gefe kuma kwamfutar ta fara sauko da kundin daga farko, tana nuna kashi ɗaya cikin ɗari. Na ce, "Adda, kin san abin da kika yi kuwa? Turawa kika tsayar cak daga Ƙofar Wambai! Wallahi sai na rubuta tarihinki, duniya ta san ki!"

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Saura kwana ashirin da shida. In ba bugu ka kawo ba, matsa wa mai bugu ya shigo."