Ɗan Maƙwabciyar Lubabatu

Ranar da Lubabatu ta fara ganin Duktura Zorka, wankin babban bargo likitar ta yi mata, kuma ko tari ba ta yi ba.

Lokacin ba ta daɗe da barin Funtuwa ba, ta biyo mijinta Muntaka, tela a unguwar Hindawiyya da ke Jidda. Ɗansu na fari, Muktar, yana tatata ciwo ya kwantar da shi: hannuwa suka kumbura, idanu suka yi rawaya, kuka kuwa har murya ta dushe. Gwaggo Zubaidatu, gwaggon mijin, wadda ta tsufa a Jidda, ita ta rungumi yaron zuwa asibiti. Lubabatu na biye da jaka kamar 'yar rakiya.

Suka tarar da wata doguwar Baturiya mai faɗin kafaɗa, gyalenta na ta zamewa tana mayarwa. Ta dudduba yaron, ta ce alamun sikila ne. Sannan cikin Larabcinta mai kaushi ta tambaya, "Wace ce uwar?"

Gwaggo ta nuna Lubabatu da haɓa.

"Yaya sunansa? Yaushe kumburin ya fara? Yana kama nono?"

Lubabatu ta ƙura wa bango ido. Gwaggo ce ta yi ta amsawa, rabi sani rabi cinta, domin ba a gidan take kwana ba. Likitar ta buga biro a kan tebur.

"Ke nake tambaya! Yaro na mutuwa kina kallon fenti? Wannan ba uwa ba ce!"

Sai da suka koma gida, Lubabatu ta shige kicin ta kunna famfo don kada a ji, ta yi kukanta ya ishe ta.

Yaran yanzu za su ce wauta ce, su dai suka sani. A gidan da Lubabatu ta tashi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, balle a gaban dangin miji. Kara ce, kuma da ita ake auna tarbiyya. Ita kanta ba ta taɓa jin sunan yayanta a bakin mahaifiyarsu ba. Ta san kowane nishin yaron nan, amma harshenta ya ƙi ɗaguwa. Gwaggo kuwa, da kyakkyawar niyya, ta ba likita amsoshin da ba haka suke ba, alhali da waɗannan amsoshi za a yi wa yaro magani.

Ita Duktura Zorka, a hankali Lubabatu ta tsinci labarinta, yau guntu gobe guntu. 'Yar ƙasar Sabiya ce, daga wani ƙauye kusa da birnin Nish, inda mahaifinta ke kiwon zuma. Ta yi karatun likita a Balgirad, ta ƙware a cututtukan jini, tana koyarwa tana bincike. Da yaƙi ya yamutsa ƙasarsu, asibitinsu ya wayi gari ko maganin kirki babu, sai ta karɓi kwantiragi a Jidda da niyyar ta ɗan sha iska ta koma. Sikila kuwa a littafi kawai ta san ta, sai a nan ta gan ta ido da ido, a jikin 'ya'yan Larabawa da na Hausawa da na Sudan. Ciwon ya tsaya mata a rai, ta kasa tafiya.

Gwaggo Zubaidatu ba ta barin bashin magana. Ta koma asibitin ita kaɗai, ta zaunar da likita ta karanta mata al'adar tun daga tushe, ta rufe da cewa, "Baƙo makaho ne, ya duktura, ko da idonsa biyu." Kunnuwan likitar suka yi ja.

Da ranar komawa ta zo, Lubabatu ta bi Gwaggo asibitin da yaron. Duktura Zorka ta duba yaron, ta miƙa wa Gwaggo shi, ta ce su je a ɗebi jini. Ta tashi ta rufe ƙofa. Ba ta kalli Lubabatu ba, taga ta fuskanta, ta yi magana cikin guntuwar Hausa mai kaushi da ta tsinta a wurin marasa lafiya.

"An ce min maƙwabciyarki na da yaro marar lafiya."

Lubabatu ta ce, "Tana da shi."

"Yaya ɗan maƙwabciyarki yake kwana?"

To, nan fa bakin ya buɗe. Ta faɗi yadda hannun dama ke fara kumbura kafin na hagu, yadda ciwon ke tashi in ya kwana a gaban mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yadda yake ƙin ruwa in an ba shi a kofi amma ya sha a cokali, har da launin fitsarinsa. Likita na ta rubutu. Da aka gama ta ce, "Ki gaya wa maƙwabciyarki tana ƙoƙari." Lubabatu ta sunkuyar da kai ta ce za ta ji.

Haka suka ɗore, shekara da shekaru. Duk abin da likita ke son uwa ta sani, ta hannun maƙwabciya yake bi. Ki gaya mata ruwa, ruwa, ruwa. Ki gaya mata zazzaɓi ba a jira da shi. Wata rana ta kama hannun Lubabatu ta ɗora a ƙasan haƙarƙarin yaron na hagu, ta ce, "Ki koya wa maƙwabciyarki taɓa saifa kowace safiya. In ta ji ta sauko ta yi tauri, ta rugo."

Ranar kuwa ta zo. Muktar ya tashi jiki ba ƙarfi, leɓɓansa sun yi fari, abin da ke ƙasan haƙarƙarin ya yi tauri kamar ɗanyar gwaiba. Muntaka ya riga ya fita shago. Lubabatu ba ta nemi Gwaggo ba, ta saɓa yaron a kafaɗa a gaban duk matan layin, ta tare mota. Tun daga bakin ƙofar ofis ta ɗaga murya, "Duktura, ɗan maƙwabciyata! Saifarsa ta sauko!" Aka ƙara masa jini a kan kari. Daga baya likita ta ce da an kai la'asar, da labarin ya sha bamban.

Kada a ɗauka waliyyiya ce. Masifaffiya ce ta ƙin ƙarawa, ma'aikata na jin takun takalminta su watse. Ga ta da wani tsoro mai ban dariya: duk iliminta, ta yarda cewa iskar da ke ratsawa tsakanin buɗaɗɗiyar ƙofa da buɗaɗɗiyar taga na iya kashe mutum. A zafin Jidda take ɗaura ƙyalle a wuya. Lubabatu kan tsokane ta, "Duktura, ku ma ashe kuna da naku camfin." Ita kuma ta ce, "Kakata ta fi Balgirad ilimi, halas, magana ta ƙare." Amma wannan tsoro nata ya kai ta ga bincike na gaske. Ta daɗe tana bin yadda fita daga zafin titi zuwa sanyin mukayyif da ƙishirwa ke tayar wa yara ciwon, ta yi rubuce-rubuce, aka riƙa gayyatarta taron likitoci. Iyayen yaran da yawa Lubabatu ce ta jawo su, daga unguwar Kurayyat har ta Madain Fahd. Ladanta kwalbar zuma duk sanda likita ta dawo daga hutu, ita kuma ta rama da dambun nama, wanda Duktura ke ci da gahawa mai ɗaci ba kunya.

Kwanci tashi, Muktar ya zama saurayi mai gemu, yana gyaran waya a Hindawiyya. Yana jin Hausa sarai, amma amsar sai ta fito da Larabci. Ya kuma ɗauko halin maza na ɓoye ciwo. Ko yana cije leɓe, in an tambaye shi sai ya ce, "Ma fi shai, ba komai." Saboda haka har yanzu idon uwar ne abin dogaro, uwar kuma mutum ɗaya take iya gaya wa.

Sai ga shi furfura ta cinye kan Duktura, gwiwoyi sun gaji, 'yarta na ta kira daga gida jikoki na girma ba su san ta ba. Aka buga mata bizar fita ta ƙarshe daga ƙasar. Lubabatu ta ji labarin kamar an zare mata tabarma tana zaune. Son matar take yi, wannan ba ɓoyayye ba ne, amma tsoron da ya fi cin ta shi ne wa za ta gaya wa yanzu.

Ranar sallama ta kai mata dambun nama cike da roba. Suka tsaya cirko-cirko, tsofaffi biyu.

"Maƙwabciyata ta ce in gaya miki ba ta da bakin godiya."

Duktura ta share ido da bayan hannu. "Ki gaya mata na ga iyaye da yawa. Ban ga irinta ba."

Bayan tafiyarta aka koma asibiti. Sabuwar likitar, Duktura Arwa, yarinya ce 'yar Jidda da Zorka ta koyar, idonta na kan kwamfuta. Ta tambayi Muktar jiki, ya ce alhamdulillah. Lubabatu na zaune a gefe, ta san yana tsallake matakala da ƙafa ɗaya, ta san ya koma sallah a zaune in ya zaci ba mai ganinsa. Ta ƙura wa bango ido.

"Yalla, Muktar, je a ɗebi jini," in ji Arwa.

Da ya fita, yarinyar ta tashi ta rufe ƙofa. Ta juya ta fuskanci taga, ta yi gyaran murya, sannan cikin wata Hausa haddatacciya, mai kaushin harshen Duktura Zorka da Lubabatu ta sani sarai, ta ce, "Inna, yaya ɗan maƙwabciyarki?"

Lubabatu ta daɗe tana kallon bayan yarinyar. Ta goge fuska da gefen mayafi.

"Ƙugunsa ne na hagu," ta ce. "Ɓoyewa yake yi."