Tocilar Gwaggo Ta Ci Mini Tsakiyar Ido

An lalata mini idon dama, an kuma ce in yi shiru don wadda ta yi babba ce. To, ba zan yi shirun ba. Lokacin na haura arba'in, ina zaune a ƙauyenmu kusa da Kafur, ina noma ɗan waken suya, da yamma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Na fara haɗa baƙi ke nan, har ina karanta sunan taki a jikin buhu ina jin kaina kamar wata malama.

Da kaka muna sheƙe wake sai ƙaiƙayi ya faɗa mini ido. A wurinmu wannan aikin gwaggon mijina ne: ta banƙare fatar ido da yatsu, ta hura, ko ta lakato da bakin mayafi. A shekarar sai jikanta ya kawo mata 'yar tocila daga Funtua, irin ta jikin makulli mai fitar da jan ɗigo, wadda ake kira leza. Ta ce tunda ta same ta babu hakin da ke ɓuyar mata. Ta danne kaina a cinyarta, ta riƙe fatar idon gam, ta ce in kalli jan kar in motsa. Idon yana neman rufewa tana hana shi, tana yi mini tsiya wai mai 'ya'ya har da surukai tana raki kamar amarya. Ni kuma don kar matan masussuka su yi mini dariya, na daure, na ƙura ido. Ta daɗe tana lalube kafin ta fitar.

Tun daga nan na riƙa ganin wani tabo, kuma bai tafi ba. Duk abin da na kalla, tsakiyarsa sai ya dushe. Na buɗe littafina, baƙin da nake nema shi ne ke ɓacewa, na gefe suna nan. Da na je asibiti, likitan ido ya ce hasken ya ƙona can ciki, inda gani ke sauka. Ya ce ko ƙaramar leza ba a kallonta, kuma ƙiftawa ce kan ceci mutum, ita ce kuwa aka hana ni. Ya ce watakila ya ragu, amma bai yi mini alkawari ba.

Da na dawo na faɗa, maigida ya ce ƙaddara ce, kar in kunyata tsohuwa. Gwaggo ta ce tun ba a haife ni ba take cire haki, boko da furfura ne ya cinye mini ido. Na san ba da mugunta ta yi ba, amma rashin mugunta bai dawo mini da ganina ba. Yanzu da ido ɗaya nake karatu, da shi nake rubuto muku. 'Yan'uwana mata, ba kowace dauriya ce mutunci ba. In ido ya nemi rufewa, ku bar shi. Kar ku yarda a haska muku wannan abu, ko wace ce.

A daren da na dawo daga asibitin na ji an ce Gwaggo ta haska wa matar maƙwabcinmu. Washegari na je ɗakinta, na durƙusa na gaishe ta, na ce ta ara mini tocilar. Na kai masussuka, na jefa a turmi a gaban matan, na ɗauki taɓarya na dake ta.