Ranar da Na Yi wa Kwamfuta Fifita

Asabar ce ta ƙarshen hutu, ina aji shida na firamare, zafin bazara ya kai inda ya kai. Tun da hantsi na gama wanke-wanke na share tsakar gida, domin washegari su Nkechi, ƙawata ta gidan da ke jikin namu a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ta Kano, za su koma Inugu, an yi wa babanta canjin wurin aiki. Wata uku muna fama da wani wasa a tsohuwar kwamfutar da Abba ya daina buga wa ɗalibai takardu da ita. Wani saurayi ne mai takobi yake keta koguna don ya kai ga gimbiyar da aka kulle a saman hasumiya. Ni da na fara satar karanta littattafan soyayyar yayata, ba faɗan ne ya dame ni ba. So nake mu ga yadda za ta dube shi in ya buɗe ƙofar, kuma mu gani tare kafin Nkechi ta tafi.

Nkechi ta iya lallaɓa kwamfutar. Ta kashe sauti, ta rage girman hoton har fuskar saurayin ta koma 'yan ɗigo-ɗigo. Duk da haka, da mun hau matakalar ƙarshe sai kwamfutar ta fara gurnani kamar injin markaɗe, hoton ya ƙame, ta ɗauke ɗif. Sau huɗu tana yi mana haka a ranar, ga fargabar a ɗauke wuta.

Ina share hawaye Umma ta dawo daga asibiti, ko fararen kayanta na nas ba ta cire ba. Ta dubi akwatin kwamfutar, yana lulluɓe da kyallen da ta yi wa aikin fulawa da hannunta, irin wanda take rufe talabijin da keken ɗinki. Ta ɗora bayan hannunta a kai, yadda take taɓa goshinmu.

"Zazzaɓi take yi. Wa ya lulluɓe mai zazzaɓi?"

Nkechi ta ce, "Ke ce, Umma."

Umma ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta yaye kyallen, ta kwance murfin gefe da bakin wuƙa, ta miƙo min maficin da nake hura gawayi da shi. "Nkechi ta fi ki hannu a wasan, ke kin fi ta fifita."

Na durƙusa a bayan tebur ina fifita, ba abin da nake gani sai wayoyi da bango. Kafaɗata ta ƙage, gumi yana shiga idona. Can Nkechi ta ƙwala ihu, "Hauwa, ya buɗe! Taso ki gani!" Na san in na saki maficin, mu biyun za mu rasa. Na ce, "Ke dai kalla ki faɗa min." Ban tsaya ba sai da wasan ya ƙare.

Da la'asar muka zauna a dakalin ƙofar gida muna cin gyaɗa, ta ba ni labarin da Hausarta ta Kano tsantsa: doguwar riga shuɗiya, dara-daran idanu cike da ƙwalla, yadda ta taso a hankali ta kama hannunsa. Na san ɗigo-ɗigon nan ba su da idanu, amma ban katse ta ba. Da safe motarsu ta tashi.

Yanzu ina Darmanawa da 'ya'ya uku, wayar kowannensu ta ninka kwamfutar nan ƙarfi. Babbar 'yata ta ce cikin minti ɗaya za ta nemo min ƙarshen wasan in gani. Na ce ta bar shi. Gimbiyar da Nkechi ta bar min ta ishe ni.