Jan tabo a ƙarƙashin gidana

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya kai ni gaban mai gari.

Ni esansi, wato man fetur, nake saidawa a buteli, kwalba-kwalba, bakin titi a Maijirgi. Lakwal na bar ta tun ina aji shida. Shi kuwa ya wuce har ƙasar waje, ya dawo yana aiki da masu haƙar man fetur can gabas. Aikin nasa, in ji shi, lissafi ne: a ba ordinater, wato kwamfuta, labarin yashi da dutse, ita kuma ta faɗi inda mai zai bi ƙarƙashin ƙasa da lokacin da zai kai. Boka mai takalmi sau-ciki nake ce masa, yana dariya.

Mu masu sana'ar saida esansi ba ma barin kaya a sarari, ga zafi, ga yara, ga wuta. Rami ake haƙawa bayan ɗaki a binne tano, wato durom ɗin mai, a rufe da yashi, a bar baki kawai inda tiyo zai shiga. Haka na tarar ana yi, haka na yi.

Da ya zo hutun babbar salla, ya iske matan unguwa na ƙorafin ruwan rijiyarmu yana wani wari. Ya ɗebi ruwan a ƴar kwalba. Sannan ya zo ya zauna kan bencina.

"Yaya, ramin nan zurfinsa gaba nawa? Da kuka haƙa, yashi kuka tarar ko laka? Man yakan ragu ba a ɗiba ba?"

Na ba shi amsa duka, har da ƙari. Daɗi nake ji, wallahi, don bai taɓa tambayata aikina ba sai ranar. Ni na riƙe masa bakin igiya ya auna daga ramin zuwa rijiya.

Ba a yi sati ba mai gari ya aiko kirana. Na iske dattawa zaune gindin itacen bedi, liman na nan, ga ƙanena da ordinater bisa turmi da aka kife. Fuskar na'urar shuɗiya, sai wani jan tabo a gefe. Ya danna, tabon ya fara rarrafe yana jan wutsiya kamar zoɓo ya zube cikin yashi.

"Nan mafarin yake," in ji shi. "Nan kuma rijiya. Ya riga ya kai. In damina ta faɗi ba a cire tanon ba, zai wuce har rijiyar da dabbobi ke sha."

Bai ambaci sunana ba. Liman ne ya matso ya ƙura ido, ya ce, "To ai nan bayan ɗakin yayanka ne."

Wani tsoho ya ce, "Ashe da esansi muke shan shayi, shi ya sa tsohuwata ta fara gudu." Aka yi dariya. Ina kallon ƙarƙashin gidana a gaban mutane, kuma duk abin da ke cikin na'urar nan daga bakina ya fito.

Aka tone tanon ranar. Gindinsa ya yi tsatsa ya huje, yashin ya yi baƙi yana wari. Wannan ban musa ba. Aka rufe rijiya, mata suka koma ɗebo ruwa nesa da amalanken jaki, in sun wuce ƙofata sai su kau da kai. Matata ta daina zuwa suna. Masu baburan kabu-kabun unguwa suka koma sayen mai can gaba.

Ran da zai koma ya zo sallama, jaka a kafaɗa.

"Yaya, ka yi haƙuri. Lissafin ne ya nuna haka. Tsoro na ji in na faɗa maka kai kaɗai ka ƙi tonewa."

Na ce, "Dube ni nan, injiniya. Lissafinka ya fita, na gani da idona. Amma ruwan nan ƴaƴana ma shi suke sha, da shi ake dama furar uwarmu. Kai a ganinka za ka faɗa mini a ɗaki, in ji, in bar su su ci gaba da sha don tano guda? Ashe irin mutumin da ka ɗauke ni ke nan. Je ka, mota na jiranka."