Safar Hannun Ɗan Venezuela

Ni dai tun tasowata bakina bai iya cewa "ban sani ba". Wannan halin ne ya kusa jawo wa mahaifinmu abin kunya har ƙasar Venezuela.

Yayana ya yi karatun likita a can. Shekara shida yana zaune a gidan wata mata da ta riƙe shi kamar ita ta haife shi. Ɗanta ɗaya, saurayi, wata ƙungiyar wasan besbol ta ɗauke shi a ƙaramin mataki, inda ake gwada sababbin 'yan wasa, wanda ya gaza a sallame shi. Saura 'yan makonni ya fara, sai safar hannunsa ta fata ta yage, ita ce kuma abin da marigayi ubansa ya bar masa. Yaya ya bugi ƙirji ya ce ai shi ubansa baduku ne, duk Daura babu mai ɗinkinsa. Bai yi ƙarya ba, mutanen Nijar ma ta Kongolam suke tsallakowa su kawo wa Baba aiki.

Da ya zo hutu ya taho da safar. Washegari zai tafi Mashi gaida Goggo, sai ya miƙo mini.

"Ka kai wa Baba, ka yi masa bayani. Ka dai san wasan ko?"

"Haba Yaya!" na ce. Wallahi ko a hoto ban taɓa gani ba.

Baba ya juya ta, ya shinshina, ya zura hannu. Wata ƙatuwa ce, yatsunta kamar ayaba, da rami a tsakiya.

"Ina ɗayar?"

"Ɗaya ce, Baba."

"Hannu ɗaya? Ashe ɗan dambe ne."

A nan ya kamata in yi shiru. Ina! Sai na gyara zama na ce, "Ƙwarai, dambensu ne na can."

"Kuma bahago," in ji Baba, don ta hagu ce. "Su ne masu mugun naushi. Allah sarki, da wannan abu lagwai-lagwai zai bugi mutum? Dole ta yage."

Kwana uku yana kanta. Ya cika ramin da auduga, ya rufe da kirgi, ya haɗe yatsun ya dunƙule su, ya bi da basilla. Har ni na ba da shawarar a ƙara auduga. Da ya gama ya gwada ta a buhun gero, sai da buhun ya faɗi. Baba ya ce duk wanda yaron nan ya samu a muƙamuƙi, sai dai a yayyafa masa ruwa.

Yaya ya dawo, ya gani, ya saki salati. Ya zauna a ƙasa da farar shaddarsa. Da ƙyar ya ciro waya ya nuna wa Baba wasan: wani ya jefa ƙwallo, wani ya make ta da kulki, wani can nesa ya ruga ya cafke ta a cikin ramin nan da muka toshe.

Baba ya kalla sau uku. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Malam masani, sannu da bayani."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi damuna shi ne fuskar Yaya, don na san yana tunanin yadda zai miƙa wa matar nan gadon mijinta ya koma dunƙulen naushi.

Baba bai taɓa farke ɗinkinsa ba, abin alfaharinsa kenan. Ran nan ya zauna ya farke shi zare-zare. Ya aike ni kasuwa in nemo goruba mai girman ƙwallon, ya ce tunda ni ne gwanin wasan, ni zan yi jifa.

Haka muka kwana huɗu muna abu ɗaya. Ya ɗinka, ya murza da man shanu, ya sa a hannu, ya tsaya a ƙofar zaure da hularsa, ni kuma ina can gindin rumbu ina jifa. Goruba ta shiga ta fice. Ya koma ya sassauta ɗinki. Sau ɗaya na fasa wa Inna tulu, ta ce in an gama da na Venezuela a zo a ɗinke mata nata. Kafaɗata ta yi tsami, ba wanda ya tausaya mini.

A rana ta huɗu goruba ta faɗa ramin, ɓap, ta zauna. Baba ya girgiza hannu, ba ta faɗo ba. Dattijon nan sai ga shi yana dariya yana cewa in ƙara jefowa da ƙarfi.

Bayan wata uku Yaya ya turo bidiyo. Yaron ya yi tsalle ya cafke ƙwallo, da jan zaren Baba a gefen safar. Ƙungiyar ta riƙe shi. Uwar ta ce a yi wa baduku godiya, ba ta san da me za ta saka masa ba.

Baba ya daɗe yana kallon wayar. Can ya share ido da gefen rigarsa.

"Ka ce mata ta bar godiya. Ita da hannu biyu ta riƙe mini ɗa. Ni ɗaya kawai aka ba ni in gyara."