Layin da Mushe Manzo Ya Ɓoye

Mushe Manzo, wato Malam Manzo a bakin masu Faransanci, ɗan garin Tabla ne, kuma sana'ar ubansa sassaƙar turmi. Tsohon ba ya bari kowa ya ga yadda yake fafe cikin itace, ko da ɗansa ne. In ya zo wurin nan sai ya aiki Manzo ɗebo ruwa. Manzo bai gaji sassaƙa ba, amma ya gaji wannan hali kaf.

Ya yi karatun odinatar, wato kwamfuta, a Yamai. Shekarar da sojoji suka karɓi mulki a 2010 wata cibiyar horas da malamai a Filinge ta ɗauke shi aikin wucin gadi, ba takardar zama ma'aikaci, ba fansho. Abin da ya riƙe shi shekara goma sha huɗu layin rubutu ne guda ɗaya.

Babbar odinatar ɗaya ce a cibiyar, kowa da sunansa da lambar sirrinsa a ciki. A nan aka ajiye kayan rubuta manhaja da ake koyar da malamai. Na'ura kuwa ba ta da wayo: sai an rubuta mata inda kayan suke kafin ta same su. Wuri biyu ake iya rubutawa, ko a fayil ɗin da take karanta wa kowa, ko a na mutum ɗaya. Manzo ya rubuta a nasa. Duk wanda ya zauna zai yi aiki, na'ura ta ce ba ta san abin da yake nema ba, sai a ƙwala kira, "Mushe Manzo!" Ya taso a hankali, ya kare allo da babbar riga, ya danna abin da zai danna. Da an kashe na'ura an kunna, gyaran ya tafi. Ba mugu ba ne, tsoro ne kawai. Daraktoci uku suka zo suka wuce, ba wanda ya yi gigin sallamarsa.

Bayan juyin mulkin 2023 baƙin da suke kula da na'urorin suka tattara suka tafi. Malaman ƙauyukan da aka rufe makarantunsu saboda 'yan bindiga suka cika cibiyar, sun fi arba'in. A daidai lokacin ciwon suga ya sauka a idanun Manzo. Haruffa suka fara narkewa. Yakan liƙa fuska a allo, ya danna ba daidai ba, aji guda na zaune na jiransa har azahar. Kunya ta ishe shi.

Malama Habsa, wadda ta gudo daga wani ƙauyen yankin Imanan da 'ya'yanta uku, ita ta tare shi a baranda.

"Baba, jarrabawarmu saura kwana tara. In mun faɗi, ba mu da wurin komawa. Mi kaka so mu yi?"

Ya sa ta gaba suka koma cikin aji.

"Ɗiyata, zamna gaban na'ura. Ni ba ni gani. Abin da ni ce, shi za ki rubutawa."

Ya ba ta lambar sirrin da bai taɓa furtawa ba, ya sa ta buɗe fayil ɗin kowa da kowa, ya karanto mata layin daga ka, harafi bayan harafi. Bai kai minti biyu ba. Ta fita, ta shiga da sunanta, kayan suka amsa. Malam Lawali, ɗaya daga cikin malaman ajin, ya gwada da nasa, suka amsa. Aji ya ɗauki sowa, Habsa kuwa ta juyo tana dubansa.

"Shi ke nan, Baba? Duka-duka wanga ne?"

"Shi ke nan."

Ba wanda ya kore shi. Ranar Litinin ya saka rigarsa ta Juma'a, ya lalubo hanya da sanda, ya zauna a benci bakin ƙofar aji. Yana jin ƙarar madannai ta taga, kowa na aikinsa. Duk wanda ya wuce yakan gaishe shi da ladabi. Har aka tashi ba wanda ya kira sunansa.