Hayasaka Tokuji, Autan Makaɗa Mai Jar Falmaran

Haihuwa da karatu

An haifi Hayasaka Tokuji ranar 3 ga Fabrairu, 1952, a garin Otaru da ke bakin teku, a gidan Hayasaka Matsuo mai sana'ar busar da kifi da matarsa Kinu. Ya yi firamare da sakandare a garin, inda malamai suka shaide shi da ladabi da ƙarancin magana. Abin da ba su sani ba, a shekarar 1969 ya ji kiɗan rok mai nauyi a rediyon wani matuƙin jirgin ruwa, irin wanda jita ke ruri kamar injin niƙa, kuma tun daga ranar kiɗan ya shiga ransa bai fita ba.

Aiki da aure

A 1971 ya shiga ƙungiyar makaɗa ta Fitilar Gaɓa, ƙarƙashin jagorancin Inomata Seiji. Kiɗansu mai sanyi ne, na otal da walimar aure, wanda ba ya hana baƙi shan miya cikin natsuwa. Tokuji ne na ƙarshen shiga, kuma da yake ba a sake ɗaukar kowa ba, sai ya tabbata auta har tsawon shekara arba'in. Shi ke ɗaukar kaya, shi ke zuba wa manya shayi, furfura ta cika masa kai ana ce masa "yaro". A ƙa'idar irin wannan ƙungiya, ƙarami ba ya fitar da faifai da sunansa sai babba ya yi masa izini, shi kuwa ba mutumin da zai tsallake ƙa'ida ba ne.

A 1978 ya auri Fumie, maɗinkiya, suka haifi 'ya'ya uku. Ita kaɗai ta san yana tsara waƙoƙinsa a gida, da jitar da bai haɗa da lasifika ba don kada ya dami maƙwabta. Haka ta yi ta kallon miji yana kaɗa kai kamar wuya zai tsinke, ɗaki kuwa tsit.

Neman izini

A 2011 likita ya sanar da shi cewa sanyin ƙashi ya kama yatsunsa, nan da shekara biyu ba zai iya danna tsirkiya ba. Idan bai yi faifan yanzu ba, ya tafi ke nan. Sai ya fara zarya gidan Inomata da tsarabar wainar shinkafa. Matsalar ita ce kunnen dattijon ya yi nauyi, ba ya ji sai an ɗaga murya, Tokuji kuwa ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige da ya ɗaga wa babba murya. Sai su sha shayi, su nuna wa juna taga, ya dawo.

Fumie takan tare shi a ƙofa ta ce, "Baban yara, yau ma dusar ƙanƙara kuka kalla? Yatsun nan fa ba jiranka suke yi ba."

A Fabrairun 2012 ya cika sittin, aka shirya walima, aka sanya masa jar falmaran da jar hula kamar yadda al'adarmu take ga duk wanda ya kai sittin, don ana cewa shekarunsa sun zagayo ya koma jariri. Ana tsakiyar cin abinci Fumie ta zungure shi ta ce, "Yau kai jariri ne, babu mai kama ka da rashin kunya. Buɗe baki." Ya miƙe, ya rusuna wa Inomata, sannan ya kwarara ihun da ya sa mai kawo abinci ta saki faranti: "Maigida, ina so in yi faifaina!"

Dattijon ya dube shi ya ce, "Ashe kana da murya, yaro? To me kake jira tun tuni? Je ka yi, amma ka yi wanda zan ji."

Faifan

A tsohon rumbun kifin mahaifinsa ya yi aikin. Kafin ya fara, ya bi unguwa gida-gida yana raba tawul yana ba da haƙurin hayaniyar da za ta zo. Mu maƙwabtansa muka karɓa muna murmushi, don mun ɗauka ladabi ne kawai. Da kiɗa ya tashi, da tawul ɗin muka toshe tagogi. Faifan ya fito a kakar 2013 da suna Jar Falmaran. Bai yi kasuwar a-zo-a-gani ba, amma samarin birnin Sapporo masu dogon gashi, masoya rok, sun gayyace shi wasa, suka riƙa ɗaukar masa kaya suna zuba masa shayi, abin da ya ce ya fi tafin da aka yi masa daɗi. A shekarar da ta biyo baya yatsun suka ƙi, ya rataye jitar yana dariya.

Rasuwa

Ya rasu ranar 9 ga Nuwamba, 2024, yana da shekara saba'in da biyu. A haikalin da aka yi jana'iza iyalinsa suka kunna faifan ƙasa-ƙasa don girmama wurin ibada. Inomata, wanda aka turo a keken guragu, ya ɗaga hannu ya ce, "Ku ƙara sauti. Yaron nan ya yi shekara arba'in yana shiru, kada ku sake rufe masa baki." Aka ƙara har tagogi suka ɗauki rawa. Dattijon ya dafa ƙirji yana kaɗa kai, hawaye na zuba, mu ma duk muka yi kuka.

An ƙona gawarsa, aka binne tokar a kabarin danginsa da ke kan tudu mai kallon teku. Ya bar matarsa Fumie da 'ya'ya uku: Shinobu, malamar makaranta, Kohei, direban jirgin ƙasa, da Mayu, mai shagon burodi. Ya bar jikoki biyar, kuma babbarsu, Chika, ita ta gaji jitar da makullin rumbun. A makon jiya ta zagayo unguwa tana raba mana tawul.